Daga tsibiran Tafkin Chadi zuwa bakin Zobe: Me ya sa zaman tudu ke gagarar waɗanda suka dawo gida?

Duk lokacin da aka kashe masunta ko manoma a yankin Tafkin Chadi, cikin labaran Borno ake saka zancen. Haka aka yi a watan Janairun 2025, sa'ilin da aka hallaka mutum kusan 40 a Dumba da ke kusa da Baga, cikin ƙaramar hukumar Kukawa. Gwamnatin Borno ta yi jaje, ta kuma ja kunnen jama'a kada su wuce iyakar wuraren da sojoji suka amince a yi noma da su a ciki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawa daga masu neman abinci a cikin tafkin nan ba 'yan asalin Borno ba ne. Hausawa ne daga Kabi da Sakkwato da Zamfara da Jigawa da Katsina, kuma in tsautsayi ya faɗa wa ɗayansu, wani lokaci a ƙauyen da ke nesa da Baga da sama da kilomita 800 ake shimfiɗa tabarmar makoki.

A Dutsin-Ma da Kurfi, in ka ji an ce wane ya tafi Chadi, sau da yawa ba ƙasar Chadi ake nufi ba, tafkin ake nufi. Akwai magidanta a garuruwan nan biyu da ƙauyukansu da suka shafe shekaru a kan tsibirai, rikicin Boko Haram ya koro su, yau kuma shekara goma ke nan ko fiye suna zaune a gida amma hankalinsu yana can. Wasu sun koma, wasu suna shirin komawa, alhali sun fi kowa sanin wanda ke riƙe da tsibiran a yanzu. Mai saurin yanke hukunci zai ce kwaɗayi ne ko taurin kai. A ganina maganar ta fi haka zurfi, kuma amsarta tana nan Katsina, ba a Borno ba.

Yadda Bakatsine ya zama mutumin ruwa

Katsina ba ƙasar manyan koguna ba ce. Su sana'ar Kabawan Argungu ce da Sarkawan Yawuri, kuma su ne suka riga sauran Hausawa shiga tafkin da komarsu da tarunsu, inda suka tarar da Buduma, mutanen tsibiran na asali, da Barebari da Shuwa da Kanembu a gaɓa. Bakatsine a baya ya biyo, ta hanyar cin rani. Ya je ne a matsayin ɗan dako, ko mai shayi, ko tela, ko mahauci, ko malamin allo, ko yaron wani mai jirgi, sannu a hankali ya koyi jan taru da zuba mamari.

Abin mamaki, fari ne ya buɗe masa ƙofa. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, wato ya ɗan ɗara jihar Katsina ta yau girma. Farin shekarun 1970 da na 1980, wanda ya ƙone gero da dawa a nan ya tura matasa neman abinci, shi ne ya sa ruwan ya ja da baya har ya koma kimanin kashi ɗaya cikin goma. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin masifa tsantsa. Amma ruwan da ya janye ya bar ƙasa baƙa mai taki wadda ba ta da mai ita tun kaka da kakanni, ya kuma fito da ɗaruruwan tudun yashi da ruwa ya kewaye. Mutane suka bi ruwa, suka kafa bukkoki, bukkoki suka zama garuruwa. Sunayen wuraren ma sun isa shaida a kan waɗanda suka zauna su: Doron Baga, Daban Masara, Tumbun Rago, Dogon Cuku. Bin ruwan nan ne ya kai 'yan Najeriya har Darak, wadda Kotun Duniya ta ce ta Kamaru ce a hukuncin 10 ga Oktoban 2002, aka kuma miƙa ta a ƙarshen 2003.

In ka zauna da waɗanda suka yi wannan rayuwa, za ka lura ba kifi suka fi yi wa kewa ba, ko da yake da shi suke buɗe hira. Abin da suke ta komawa kai shi ne, a can shekara ba ta da lokacin zaman banza. Kogin Shari da na Logon, waɗanda ke kawo mafi yawan ruwan tafkin daga kudu, ba sa cika shi sai bayan damina ta wuce, wajen ƙarshen shekara. A lokacin ake kafa dumba, wato jerin gura da ake tare mashigar ruwa da shi, a kama tarwaɗa da karfasa da bargi. Da ruwa ya fara janyewa sai a bi bayansa da shuka. Masara da wake suna nuna a kan damshin da ya bari, ba ruwan sama, ba injin ban ruwa, galibi ba takin zamani. Kafin a gama girbi kuma wani kamun ya zo. Tsakanin wannan da wancan akwai banda, akwai ɗaurin kifi a kwali, akwai jigila a kwata, akwai fataucin manja da gishiri da sabulu daga tsibiri zuwa tsibiri. Daga Doron Baga manyan motoci ke ɗaukar kifin banda zuwa Maiduguri, daga nan su gangara har Onica da Legas. Naira ce kuɗin tafkin, ko a ɓangaren Chadi da Nijar da Kamaru ana karɓarta.

Abu na biyu, wanda a wurina ya fi na farko nauyi, shi ne a can ba a tambayar gonar ubanka. Baƙo ya sauka da jakarsa, ya nemi mutumin garinsu ya sauke shi, a kai shi wurin bulama ya miƙa ɗan goro, a nuna masa inda zai share. Ƙarfinsa ne iyakar gonarsa. Ɗan da aka raba gado aka ba shi abin da bai kai noman kwana biyu ba a Wurma ko Karofi, a can yana iya zama mai jirgi da inji, da yara a ƙarƙashinsa. Ba kowa ne ya kai ga haka ba, amma kowa ya ga wanda ya kai, kuma wannan kaɗai ya isa ya riƙe mutum shekara ashirin.

Abin da kewa ke shafewa

Sai dai tunanin baya yana da halin tsince tsakuwa ya bar shinkafa zalla. Tsibiran nan, ko a zamanin zaman lafiya, wurare ne da gwamnati ba ta san da su ba sai ranar karɓar kuɗi. Mafi yawansu ba makarantar boko, ba asibiti, ba rijiyar burtsatse. Ruwan da ake wanka da wanki shi ake sha, don haka tsargiya da amai da gudawa ba baƙi ba ne. Sauron tafkin kuwa sai wanda ya kwana a can. Mace in naƙuda ta zo mata da gardama sai a sa ta a kwalekwale a kama hanyar Baga, tafiyar da kan ɗauki sa'o'i ta cikin ciyawar da ke toshe hanya. Ga kifewar jirgi, ga dorina.

Ga kuma bashi. Masunci da yawa ba da kayansa yake aiki ba. Dillali ko ubangida ne ke ba shi taru da man inji da abinci, shi kuma dole ya sayar masa da abin da ya kamo a farashin da ubangidan ya yanka. Kafin kwali ɗaya na kifi ya isa Maiduguri ya biya kuɗin kwata, da na ƙungiya, da na shingaye barkatai, ga jami'an ƙasashe huɗu da kowanne ke ganin ruwan nasa ne. Kuɗi suna shigowa da yawa, suna kuma fita da sauri. Waɗanda suka tuna cewa gida biyu maganin gobara, suka riƙa aiko da kuɗi ana saya masu fili ko shanu a gida, su ne yau ke da rufin asiri. Sauran sun zuba komai a jirgi da taru da buhunan masara, wuta ta cinye ko aka gudu aka bari.

Gudun ya zo ne kashi-kashi. An yi ɓarnar Baga ta Afrilun 2013. Sai 3 ga Janairun 2015, ranar da mayaƙan Boko Haram suka ƙwace sansanin rundunar haɗin gwiwa, suka ƙone Baga da Doron Baga, dubban mutane suka faɗa ruwa suka maƙale a tsibirai ko suka tsallaka Chadi. Bayan kusan wata huɗu, ranar 25 ga Afrilu, aka kai hari tsibirin Karamga na Nijar aka kashe sojoji da fararen hula da dama, hukumomin Diffa suka ba mazauna tsibiran 'yan kwanaki su fice. Kimanin mutum 25,000 suka fito zuwa Gigimi da Boso, da yawa a ƙafa cikin zafin bazara, wasu ƙishirwa ta kashe su a hanya. Dubban 'yan Najeriya da ke cikinsu aka kwaso su a manyan motoci zuwa Gaidam ta jihar Yobe, daga nan aka rarraba su zuwa jihohinsu.

A nan ne lissafin hukuma ya rabu da gaskiyar rayuwa. Wanda ya tsaya a sansani a Maiduguri ko Monguno, sunansa ɗan gudun hijira, yana cikin rajista, ana ba shi abin da ya samu. Wanda ya iso gidan ubansa a Kurfi kuwa an ce ya dawo gida, magana ta ƙare. Ba wanda ya tambaya ko yana da ɗaki a gidan, ko gonar da ya bari tana nan, ko 'ya'yansa da aka haifa a kan ruwa sun taɓa riƙe fartanya a ƙasar jigawa.

Tudu da damina ɗaya

Abin da ya tarar sananne ne ga kowane manomi a tsakiyar Katsina. Ruwan sama na wata huɗu, daga wajen Yuni zuwa Satumba, shi ke nan. Ƙasa ta gaji, ba ta bayarwa sai da taki, takin kuma ya fi ƙarfin talaka. Gonar gado an raba ta tun yana can, ƙannensa sun yi aure sun hayayyafa a kanta, in ya ce a ba shi rabonsa sai a fara kallon-kallo a cikin gida. Aro ya yi wuya, haya da jingina sai mai kuɗi. Mutumin da ya saba ciyar da baƙi goma a bukkarsa ya koma jiran a aiko masa da tuwo daga ɗakin matar ƙanensa. Masu irin wannan tarihi sukan ce wannan ya fi yunwa ciwo.

Wasu sun kama acaba, wasu dako a kasuwar Dutsin-Ma ta ranar Laraba, wasu leburanci a gine-ginen da zuwan Jami'ar Tarayya a 2011 ya jawo wa garin. Matansu, waɗanda a can suke da nasu cinikin na banda da tuyar kifi, sun shiga kulle ba jari. Ƙwarewar da suka tara ta shekaru, sanin halin ruwa, ɗinkin taru, gyaran injin jirgi, iya banda da ba ta ƙuna ba ta ruɓewa, ta zama kamar kuɗin ƙasar da aka daina karɓa.

Da a ce ba ruwa a yankin sam, da sai a ce ƙaddara ce. To amma ga Zobe. An kammala madatsar a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan kogin Karaduwa, kudu da garin Dutsin-Ma. Tana iya riƙe ruwa sama da mita miliyan 170 na awon murabba'i mai zurfi, an kuma tsara ta ne don ta shayar da Katsina da kewaye, ta kuma ba da ruwan noman rani ga kimanin hekta 8,000. Ɓangaren ruwan sha sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashin farko, bayan shekara 38. Ɓangaren noman rani kuwa bai taɓa kai wa ga abin da aka zana a takarda ba. Manoman da ke bakin ruwan da injinansu suke ja, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowace awa ta ban ruwa ta zama lissafi.

Kada a yi zaton Zobe za ta maye gurbin Tafkin Chadi. Kwatanta su kamar kwatanta randa da kogi ne. Akwai masunta a bakinta tun da aka tare ruwan, da sarkin ruwansu da tsarinsu, kuma su kansu suna kukan kifi ya ragu saboda yawan hannu da masu amfani da taru mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Wanda ya dawo daga Baga ya shiga cikinsu, ƙarin baki ne a kan akushin da bai cika ba. Amma ruwa mai wannan yawa, in ana zuba masa irin kifi a kai a kai, ana hana su a lokacin haihuwar kifi, ana kiwon kifi a keji, ga hanyoyin ruwa da suka isa gonaki, zai ba mutum abin da ya fi kewa: aiki a watannin da ba damina. Su kuma waɗannan mutane su ne ƙwararrun da ba sai an ɗauko daga wata ƙasa ba.

Na kan yi mamakin yadda muka fi son babbar magana. A taron da aka yi a Abuja a Fabrairun 2018 an daɗe ana tattauna yadda za a haƙa hanya ta kimanin kilomita 2,400 a jawo ruwa daga yankin Kogin Kwango a cika Tafkin Chadi, maganar da Buhari ya riƙa ɗauka zuwa tarukan duniya. A jiharsa ta haihuwa kuwa ruwa na kwance a bayan madatsa, ya gagara isa gonar da ke kilomita kaɗan daga gaɓa. Ga shi ma tafkin da ake ta yi wa makoki ya ɗan farfaɗo tun shekarun 1990, kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 sun ƙara masa ruwa. Ba ƙafewa ce ta kori mutane daga tsibiran ba, bindiga ce.

Tsibirai a kan tudu

Bindigar kuma ta riga su isowa gida, ko ta biyo su a baya. Dutsin-Ma da Kurfi suna maƙwabtaka da Safana da Batsari da Ɗanmusa, bakin dajin Rugu. Cikin shekarun da suka biyo bayan dawowarsu, ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin biyu sun koma abin da mutumin tafki zai gane nan take: wurin da ba a shiga ba a fita sai a wani lokaci, sai ta wata hanya, wani lokaci sai an biya. Gonakin nesa aka bar su, aka dawo ana cunkoso a na bakin gari. Bakin Zobe kansa, inda ya kamata a kwana ana jiran taru, ya zama wurin da ake barin sa kafin duhu. Ko cikin garin Dutsin-Ma ba a tsira ba, domin a Oktoban 2023 an shiga har masaukin ɗalibai aka sace 'yan mata biyar na jami'ar.

Har maganin da hukuma ta kawo iri ɗaya ne da wanda suka sha a can. A Borno da Diffa an hana kamun kifi da fataucinsa na tsawon shekaru, an taƙaita sayar da fetur, duk don a toshe wa mayaƙa hanyar samu. A Katsina, a 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Dutsin-Ma, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Kurfi da Dutsin-Ma na ciki. A wuraren biyu mai bindiga ya sami wata hanya, mai neman na tuwo ne ya kwana da yunwa.

To in mutum zai biya haraji ga ɗan bindiga ko ya zauna ko ya tafi, sai ya fara auna inda harajin ke barin masa saura. Wannan ne lissafin da ba a son a faɗa a fili. Tun bayan rabuwar Boko Haram gida biyu a 2016, ɓangaren ISWAP da ya kafu a tsibiran ya gane cewa masunci mai rai ya fi masa amfani, ya buɗe masa ruwa, yana karɓar kuɗi yana ba da izinin shiga. Gwamna Babagana Zulum kuma ya fara mayar da mutane Baga a Satumban 2020. Labari ya iso har nan cewa ruwa ya cika, kifi ya yi yawa saboda shekarun da aka yi ba a taɓa shi sosai ba. Matasa, har da waɗanda suka baro tsibiran suna yara, suka fara haɗa kuɗin mota.

Abin da labarin ba ya kawowa shi ne izinin ba ya da tabbas. Tun mutuwar Abubakar Shekau a 2021, ISWAP da ɓangaren Bakura suke yaƙi a kan tsibiran, kuma takardar da wannan ya ba ka ita ce shaidar laifinka a wurin wancan. Daga sama kuma jirgin yaƙi ba ya bambance kwalekwalen masunci da na mayaƙi. An ba da rahoton mutuwar masunta a harin sama a Daban Masara a Satumban 2021, haka kuma bayan harin Barkaram na Oktoban 2024, lokacin da sojojin Chadi suka shiga ramuwar gayya. In mutum ya tsira daga duk wannan ya fito tudu da kifinsa, yana iya faɗawa hannun jami'an tsaro a matsayin mai taimaka wa 'yan ta'adda. A Maris na 2025 kuma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwar, abin da ya ƙara sassauta tsaron arewacin tafkin.

A gida, 2025 ta zo da sulhu. Ƙananan hukumomi da dama, har da Kurfi, sun zauna da 'yan bindiga, yayin da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ke cewa ita ba ta sulhu amma ba ta hana al'umma yin nasu. Wasu hanyoyi sun buɗe, wasu gonakin da suka yi shekaru a kwance an sake shiga. Ko sulhun zai ɗore, wannan wata magana ce, domin an yi irinsa a 2016 da 2019 ya rushe. Amma ko da ya ɗore, abin da zai dawo da shi bai wuce halin da ake ciki kafin rikici ba, wato damina ɗaya da gonar da ba ta isa ba, halin da tun farko ya tura iyayen waɗannan mutane gabas.

Gwamnatin jihar tana yawan maganar noman rani a 'yan shekarun nan, tana raba injinan ban ruwa. Zobe kuwa a hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima take, wato ta tarayya, don haka kowane ɓangare yana da wanda zai nuna wa yatsa. Ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi ba sa buƙatar jiran kowa kafin su yi abu mafi sauƙi, su sa masu unguwanni da dagatai su rubuta sunayen waɗanda suka dawo daga tafkin da irin sana'ar da kowa ya iya, domin in an zo rabon fili a bakin ruwa ko jarin kiwon kifi a san da su. Lokacin yin haka kafin a gama girbi ne. Da zarar an ɗaure dawa an kai rumbu, ruwan Shari ya fara isa tafkin, masu tafiya sukan sayar da buhu ɗaya ko biyu su kama hanyar Kano, daga nan Maiduguri, su kwana a tashar Baga suna jiran ranar da sojoji za su buɗe hanya.